Yadda za ka saurari faifan Time Out na Dave Brubeck ba tare da lissafin bugu ya kuɓuce maka ba

Time Out faifan kiɗan jazz ne da kamfanin Columbia ya fitar a Amurka a watan Disamba na 1959. Mutum huɗu ne suka yi shi. Dave Brubeck ne jagora, yana kan piyano. Paul Desmond yana busa saksofon, matsakaicin nan da ake kira alto. Eugene Wright yana kan bas, wato ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ake tsayarwa a ƙasa ana cakarsa da yatsu. Sai Joe Morello mai ganguna. Babu mawaƙi, babu kuma abin kiɗan da ke aiki da lantarki ko ɗaya. Kiɗa bakwai ne a ciki, duka-duka ba su kai minti 40 ba.

A wancan lokacin kusan duk kiɗan jazz a kan bugu huɗu yake tafiya: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a koma ɗaya. Ƙafa ta saba da wannan, ko ba a koya mata ba za ta bi. Su Brubeck sai suka kauce. Wani kiɗan suka ɗora shi a kan tara, wani a kan biyar, wani a kan shida, wani kuma suka haɗa uku da huɗu wuri guda. Shi ya sa sabon mai saurare zai fara kaɗa ƙafa, jim kaɗan sai ya ji ƙafarsa ta sauka a inda babu kowa. Daga nan wasu ke cewa kiɗan na masana ne, su kashe.

Ba na masana ba ne. A kowane kiɗa cikin bakwai ɗin akwai mutum ɗaya, wani lokaci biyu, da aka ɗora wa aikin riƙe lissafi yayin da sauran ke yawonsu. In ka gano shi ka lizimce shi, ba za ka ɓata ba. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: tabbatar cewa faifan ne, ba wani abu mai kama da shi ba

In ka rubuta sunan Brubeck a YouTube ko Spotify, abin da zai fara fito maka shi ne "Take Five", kuma iri-iri. Akwai gajere na wajen minti uku da aka yi domin gidajen rediyo. Akwai na gaban jama'a, da bidiyoyin baƙi-da-fari na shekarun 1960, waɗanda a mafi yawansu sun fi na faifan sauri. Duk ka ajiye su tukuna. Nemi faifan kansa, wanda bangonsa zanen da'irori ne da tsagi-tsagin launuka, aikin wani mai zane S. Neil Fujita. Jerin kiɗan ya fara da "Blue Rondo à la Turk", ya ƙare da "Pick Up Sticks". "Take Five" shi ne na uku, tsawonsa minti biyar da daƙiƙa ashirin da 'yan kai.

In kana da hali, sauke shi a waya gaba ɗaya. Za ka riƙa komawa baya sau da yawa, kuma ba abin da ke yanke wa mai ƙirga bugu hanzari irin intanet ya tsaya yana juyawa a tsakiyar kiɗa.

Mataki na biyu: kunne biyu

Kada ka saurara da sifikar waya. Ba ta iya fitar da muryar bas, kuma bas ɗin Wright shi ne rabin abin da za ka riƙe. Kada kuma ka yi al'adar nan ta sa iyafis a kunne ɗaya, ɗayan yana lilo a ƙirji. An raba makaɗan ne a faifan: ganguna a gefe guda, piyano a ɗaya gefen, saksofon a tsakiya. Mai kunne ɗaya zai ji ko dai Morello ya yi nisa, ko Brubeck ya dusashe.

An ɗauki kiɗan a ɗakin ɗaukar sauti na Columbia da ke titi na 30 a birnin New York, tsohuwar majami'a ce mai dogon rufi da aka mayar situdiyo. Zama uku aka yi: 25 ga Yuni, 1 ga Yuli da 18 ga Agusta, 1959. Teo Macero ne ya kula da aikin, Fred Plaut ya ɗauki sauti. A wannan ɗakin, a wannan shekarar, fitaccen makaɗin jazz Miles Davis ya ɗauki faifansa Kind of Blue. Girman ɗakin yana fitowa a faifan: in Morello ya daki ganga, za ka ji amon ya ɗan zaga kafin ya mutu. Da iyafis mai ɗan kyau ko sifika mai ɗaukar bas, wannan ba zai wuce ka ba.

Mataki na uku: ji ɗaya daga farko har ƙarshe, babu ƙirga

Zauna ka bar shi ya tafi. Kunnen da ya saba da waƙa zai yi ta jiran murya ta shigo, ya ji me za a ce. Ba za ta shigo ba, gara ka sallama tun da wuri. Aikinka a wannan karon shi ne rarrabe mutum huɗun, kowa da halinsa.

Desmond ba ya ɗaga murya. Busarsa siririya ce, a bushe, ba kwaramniya, kuma yana son barin fili tsakanin jimla da jimla. Brubeck kishiyarsa ne: hannunsa da nauyi, yana son danna maɓallai da yawa lokaci guda ya yi ta maimaitawa har abin ya taru ya yi tsauri. Masu sukarsa tun a wancan zamanin a nan suke kama shi, suna cewa dukan piyano yake yi. Akwai wuraren da na yarda da su. Amma sanyin Desmond ba zai yi armashi haka ba in babu wannan nauyin a gefensa. Morello, wanda tun yana yaro idanunsa ba su gani sosai, hannunsa tsaf yake, kowane bugu a wurinsa. Wright kuwa ba ya neman a lura da shi, kuma sai an je ƙarshen faifan za ka san abin da yake yi maka.

Ka lura da tsarin da kusan kowane kiɗa ke bi. Za a fara da karin da aka shirya tun a gida. Sannan a ba mutum ɗaya fili ya ƙirƙiro nasa nan take a kan wannan shimfiɗar, ya gama a ba wani. Daga ƙarshe a dawo kan karin farko a rufe. In ka ji karin farko ya dawo, to an kusa sauka.

Mataki na huɗu: fara ƙirga da "Take Five"

Ko da yake shi ne na uku a jeri, da shi za ka fara koyo, domin ya fi duk sauran sauƙi. Bugu biyar ne, kuma ba ya canzawa daga farko har ƙarshe.

Kada ka ƙirga ɗaya zuwa biyar a miƙe, za ka gaji. Raba shi uku da biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sami kalma mai gaɓa uku da mai gaɓa biyu ka riƙa faɗa: Ka-tsi-na Ka-no, Ka-tsi-na Ka-no. Kowace gaɓa bugu ɗaya, tsawonsu daidai, kada ka ja wata ka gajarta wata, kada kuma ka huta bayan "no". Wannan hutun shi ne tarkon. Baki yana so ya ƙara bugu na shida don abin ya daidaita, kuma da zarar ka ƙara shi kiɗan ya wuce ya bar ka. Daga "no" kai tsaye ka faɗa "Ka".

Yanzu kunna. Morello ne ke buɗewa shi kaɗai, sandarsa a kan farantin ƙarfe, ƙafarsa tana taka babbar ganga a kan bugun farko. Wannan takun shi ne "Ka" na Katsina. Sai piyano ya shigo da wani ɗan zagaye: a bugu ukun farko yana ɗan tsalle-tsalle, a biyun ƙarshe ya sauka daram, daram. Sai bas ya biyo, ya taka ɗaya, ya dakata, ya taka huɗu da biyar. Desmond ne na ƙarshe, da karin nan da wataƙila ka taɓa ji a talla ko a fim ba ka san sunansa ba. Sa tafin hannu a cinya, ka buga da ƙarfi a farkon Katsina, ka buga a hankali a farkon Kano. Yi haka har kiɗan ya ƙare.

A nan Brubeck ne mai riƙe lissafi. Jagoran ƙungiya ne, sunansa ne a bango, amma a kiɗan da ya fi kowanne shahara bai karɓi fili ko na daƙiƙa goma ba. Ɗan zagayen nan yake ta maimaitawa, in ban da tsakiyar karin inda ya ɗan sauya ya dawo. Amfanin hakan zai bayyana bayan Desmond ya gama nasa, aka bar wa Morello fili. Morello ba ya cika wurin da ruwan bugu yadda masu ganga suka saba. Zai daki ganga sau biyu ko uku, ya yi shiru, shirun ya yi tsawo har ka zaci ya manta, sannan ya faɗo a wurin da ba ka zata ba. In ka bi shi da ƙirga, ka ɓata. Ka bar kunnenka ɗaya a kan piyano, bakinka yana Katsina Kano, ɗaya kunnen kuma ya kalli abin da Morello ke yi wa lissafin. Za ka ji yana tsallake farkon zagaye da gangan, yana jinkirta saukarsa, amma duk inda ya je ya san inda "ɗaya" take. Wannan minti biyun su ne zuciyar kiɗan, don dama saboda Morello aka yi shi: shi ne ya saba wasa da bugu biyar, aka ce Desmond ya samo karin da zai hau kai.

Kada ka ji kunya in abin ya ƙi a karon farko. Su kansu a zaman 25 ga Yuni sun yi ta gwadawa yana watsewa, har aka ajiye shi sai wani zaman.

"Take Five" shi kaɗai ne kiɗan da ba Brubeck ya tsara ba a faifan, na Desmond ne. Bai yi tashe nan da nan ba, sai a 1961 gajeren ya shiga gidajen rediyo ya kai na 25 a jerin kiɗan da ke tashe a Amurka na mujallar Billboard, faifan kuma ya hau har na 2, ya zama faifan jazz na farko da aka sayar da kwafi miliyan ɗaya. Da Desmond ya rasu a 1977, wasiyyarsa ta bar kuɗin da kiɗan ke kawowa ga ƙungiyar Red Cross ta Amurka.

Mataki na biyar: koma farko, ka fuskanci tara

"Blue Rondo à la Turk" a nan gizo ke saƙar. A 1958 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta tura su Brubeck rangadi zuwa Poland, Turkiyya, Indiya, Silon wadda yanzu ake kira Sri Lanka, Pakistan, Afghanistan, Iran da Iraƙi. Zamanin yaƙin cacar baka ne, Amurka tana aika makaɗan jazz ƙasashe don gyara sunanta. Irin wannan tafiyar ce ta kawo Louis Armstrong Najeriya a 1960, har ya gana da Sardauna a Kaduna. A Turkiyya Brubeck ya ji makaɗan titi suna wani kiɗa mai bugu tara, amma ba a raba shi uku-uku-uku yadda Turawa suka saba ba. Biyu ne, biyu, biyu, sannan uku. Da shi ya dawo gida.

Da bakinka: Ka-no Ka-no Ka-no Ka-tsi-na. Faɗi haka sau uku. A karo na huɗu sai ka juya: Ka-tsi-na Ka-tsi-na Ka-tsi-na. Duka biyun tara ne, rabon ne ya bambanta. Zagaye uku na farkon, ɗaya na biyun, a sake. Kafin ka kunna, yi ta faɗa a hankali har bakinka ya daina tuntuɓe a wurin juyawar, sannan ka ƙara sauri, domin kiɗan da gudu yake. In ya fi ƙarfinka, YouTube yana da wurin rage sauri. Mayar da shi 0.75 ka bi shi a haka na ɗan lokaci. Sautin zai ɗan lalace, amma rabon bugun zai fito fili.

Piyano ne ke farawa, kuma karin kansa yana faɗa maka lissafin: 'yan sautuka biyu-biyu suna kai da komowa, sai uku su gangaro su rufe. Saksofon ya karɓa, a sake komawa piyano, kowane zagaye abin yana ƙara kauri, hannun Brubeck yana ƙara nauyi, har ka ji kamar ba sauran wurin numfashi. A wajen minti biyu sai ƙofa ta buɗe: Desmond ya shigo a kan bugu huɗu, a sake, cikin salon blues, tsohon salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, Wright yana tafiya a ƙarƙashinsa taku ɗaya-ɗaya. Zagaye biyu kacal, sai taran ta dawo da gudunta ta yi zagaye biyu, sai huɗun ta sake karɓa. Haka za su yi ta musaya kafin a sakar wa huɗun hanya gaba ɗaya.

Wannan musayar ita ce wurin da ya cancanci ka maimaita sau da yawa. Ja baya ka sake ji. Abin da za ka nema shi ne yadda ba sa canza saurin tafiya a tsakanin biyun. Kowane "Katsina" guda na ɓangaren tara daidai yake da taku ɗaya na bas a ɓangaren huɗu. Wannan ne amfanin zagaye na huɗun nan mai uku-uku-uku: shi ne gadar da ake bi a haye. In ka kama wannan, sauran kiɗan hutu ne. Desmond zai yi nasa, Brubeck ya yi nasa a kan blues mai zagaye 12, Wright yana riƙe da ku duka, sannan musayar ta dawo a rufe da tara.

Sunan yana sa wasu su ɗauka daga wani sanannen kiɗan Mozart aka ɗauko shi. Sunan ne kawai ya yi kama, karin na Brubeck ne.

Mataki na shida: huta da "Strange Meadow Lark"

Kada ka ƙirga komai a minti biyun farko. Brubeck ne shi kaɗai, yana ja yana saki yadda ya ga dama, kuma duk wanda ya ce hannunsa bai san laushi ba a kunna masa wannan. Da ganguna suka shigo, huɗu ne sak, Morello yana shara da 'yar tsintsiyar waya a maimakon sanda. Busar Desmond a nan, a ganina, ta fi wadda ya yi a "Take Five".

Mataki na bakwai: uku da huɗu

A asalin faifan garmaho, bayan "Take Five" ake juya shi zuwa ɗaya fuskar, kuma kiɗa biyun da ke biye su ne mutane suka fi tsallakewa. Asara ce.

"Three to Get Ready" yana farawa da ɗan kari mai sauƙi a kan bugu uku, irin na rawar wals ta Turawa, kamar abin da za a koya wa yaro. Bayan an gabatar da shi sau ɗaya sai dabarar ta fito: zagaye biyu na uku, zagaye biyu na huɗu, haka har ƙarshe. Ƙirga shi da lamba ya fi: 1-2-3, 1-2-3, 1-2-3-4, 1-2-3-4. Saurin bugun ɗaya ne, adadin ne ke sauyawa. Da farko abin a fili yake, domin ɓangaren uku yana faɗin karin, ɓangaren huɗu yana ba shi amsa. Wahalar tana zuwa ne in Desmond ya karɓi fili, don shi ba ruwansa da iyakar, jimlarsa takan fara a cikin uku ta ƙare a cikin huɗu. A nan bas za ka bi. Tafiyar Wright tana sauya kama a duk lokacin da aka haye, kuma in ka saba za ka riƙa jin hayewar a jikinka kafin ka ƙirga ta.

"Kathy's Waltz" Brubeck ya yi wa 'yarsa Cathy, aka yi kuskuren harafi a bango ya zauna haka. Duk da sunan wals, da huɗu ya fara. Sai da Desmond zai shigo aka juya zuwa uku mai sauri. Tsaya nan ka kafa ƙirgarka da kyau, Katsina, Katsina, Katsina, domin abin da ke tafe zai gwada ta. In Brubeck ya karɓa, a hankali zai fara fita daga ukun ya kafa nasa lissafin daban a kan nasu, su kuma Wright da Morello ko gezau. Lissafi biyu ne ke tafiya lokaci guda, suna rabuwa suna haɗuwa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata suna lugude ya san wannan: turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacin saukarta, ga tafi a tsakani, kuma ba mai karo da wata.

Ga abin da za ka gwada da hannunka, ba tare da kiɗan ba. Hannun dama ya buga uku, na hagu ya buga biyu a cikin tsawon lokaci ɗaya. Su fara tare. Tsarin zai fito haka: tare, dama, hagu, dama. Tare, dama, hagu, dama, inda "tare" da "dama" ta ƙarshe suka fi tsawo, "dama, hagu" na tsakiya kuma suna bin juna da sauri. In hannuwanka sun iya wannan, koma ka kunna wurin Brubeck. Ji shi sau ɗaya kana bin bas da ganguna kawai. Sake ji kana bin piyano kawai. A karo na uku ka saki duka biyun su shigo tare. Ni a wurina wannan ɗan wurin ya fi komai daɗi a faifan, kuma shi ne amsar da ta fi ƙarfi ga masu cewa lissafi kawai Brubeck ya iya.

Mataki na takwas: shida, da mutumin da ke ƙasa

Biyun ƙarshe a kan shida suke. "Everybody's Jumpin'" yana da 'yar rawar kai, shidan tana zuwa tana ɓacewa, ga sauti ɗaya da ake ta nanatawa. Ba shi ne gwanin faifan ba, in ka wuce shi da sauri ba ka yi laifi ba.

"Pick Up Sticks" kuwa na Wright ne, ko da ba a rubuta haka ba. Sautuka shida yake takawa, ɗaya a kan kowane bugu, ya koma farko, tun daga buɗewa har rufewa. Ba ka bukatar wata kalma a nan, bas ɗin ne ke ƙirga maka. Brubeck zai zo da dunƙulallun sautukansa masu nauyi ya yi ta jifa ta ko'ina, ka ga ko za ka iya riƙe shidan Wright ba ka saki ba. In ka iya, ɗauki wannan kunnen ka koma farkon faifan ka saurari bas kaɗai tun daga "Blue Rondo". Faifai ne daban za ka ji.

Wright shi kaɗai ne baƙar fata a cikin huɗun, ya shiga ƙungiyar a 1958, lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfin doka a kudancin Amurka. A 1960 aka shirya musu rangadin kwalejoji da jami'o'in kudu, mafi yawansu suka ce sai dai a zo da farar fata a madadinsa. Brubeck ya ƙi, aka soke wasannin, kuɗin suka tafi. Wright ya ci gaba da zama a ƙungiyar har ta watse a ƙarshen 1967, kuma shi ne ya fi sauran daɗewa a duniya, ya rasu a 2020.

Mataki na tara: ajiye ƙirgar, ka nemi na gaba

Bayan 'yan kwanaki kana wannan, sake kunna faifan daga farko ba tare da ka motsa baki ba. In ƙafarka tana sauka daidai a "Take Five" kana tunanin wani abu daban, aikin ya yi. In ba ta yi ba, koma mataki na huɗu, babu gaggawa.

Sashen kasuwanci na Columbia bai so fitar da faifan ba: duk kiɗan sababbi ne babu wanda jama'a suka sani, ba a iya rawa da su, ga zane a bango a maimakon hoto. Shugaban kamfanin, Goddard Lieberson, shi ya tsaya masa. Da ya karɓu sai ga na biyu a 1961, Time Further Out, kuma nan ya kamata ka nufa. A cikinsa akwai "Unsquare Dance", minti biyu ne kawai, bugu bakwai, biyu-biyu-uku, da tafi a ciki wanda za ka iya bi da hannunka. Daga nan ka nemi wasan da suka yi a zauren Carnegie Hall a Fabrairun 1963, ka ji yadda "Blue Rondo" ke gudu bayan sun shekara uku suna kaɗa shi.

Kada kuma ka ɗauka Brubeck ne ya fara fita daga huɗu. Max Roach, mai ganga, ya fitar da faifai sukutum a kan bugu uku tun 1957, sunansa Jazz in 3/4 Time, kuma ya cancanci a ji shi kusa da wannan. In kana son jin yadda biyar ɗin Desmond ke zama a hannun mutanen da irin wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurinsu, nemi wanda makaɗan Sachal na birnin Lahore a Pakistan suka yi a 2011 da kayan kiɗansu na gargajiya, sitar mai tsirkiya da gangunan tabla. Brubeck ya ji shi kafin rasuwarsa a Disambar 2012, ya kuma yaba.